Baƙin Dutse Mai Nauyi: Yadda Ake Gane Kuromayit, a Gwada Shi, a San Ko Ya Kai a Haƙa

Wani dattijo ya taɓa kawo mini ƙunshin duwatsu a cikin tsumman rawani, baƙaƙe wuluk, masu nauyi a hannu. An gaya masa cewa kuromayit ne, Sinawa na nema ido rufe, har ya fara maganar jinginar da gona don ya ɗauki leburori. Na ɗauki ƙaramin maganaɗisu na kusantar da shi, sai ga dutsen ya yi tsalle ya manne. A nan magana ta ƙare. Ba kuromayit ba ne, tama ce irin wadda ake kira maganatayit. Gwajin bai ci minti ɗaya ba, kuma bai ci ko kwabo ba.

Kuromayit shi ne ma'adinin da duniya ke samun ƙarfen kuromiyam daga gare shi, kuma a kasuwance babu wani na biyunsa. Haɗin ƙarfe ne da kuromiyam da iskar oksijin, masana na rubuta shi FeCr2O4. Shi kuwa kuromiyam wani Bafaranshe mai suna Vauquelin ne ya gano shi a 1797, amma darajarsa ba ta fito sosai ba sai bayan 1913, lokacin da Harry Brearley ya haɗa ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield ta Ingila. Wannan ƙarfe da 'yan kasuwa ke kira sitenles, na cokula da tukwane da kayan asibiti, ba ya amsa sunansa sai kuromiyam ɗin da ke cikinsa ya kai kashi 10.5 cikin 100. Fiye da kashi 90 na kuromayit ɗin da ake haƙowa a duniya narka shi ake yi ya zama ferokurom, wato narkakken haɗin kuromiyam da ƙarfe, a zuba a ƙarfe. Ragowar na tafiya wajen bulon tanderu mai jure wuta, da yashin zubin ƙarfe, da fenti, da jima. Masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano da gishirin kuromiyam suke jima, shi ya sa fatar ke fitowa shuɗi-shuɗi, ba kamar ta majeman gargajiya masu aiki da bagaruwa ba.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. Kuromayit kayan tirela ne, ba kayan aljihu ba. Zinare kana iya ƙulle arzikin shekara a bakin zani. Wannan kuwa sai da tan dubbai ake maganarsa. Gane shi abu ne mai sauƙi, zan nuna maka. Wahalar tana wajen sanin yawansa da ingancinsa da nisansa daga teku.

Mataki na farko: dubi dutsen da ya haife shi

Kafin ka ɗauki baƙin dutsen, dubi maƙwabtansa. Kuromayit ba ya zama ko'ina. Gidansa duwatsu ne masu yawan magniziyam da ƙarancin silika (sinadarin dutsen ƙanƙara), waɗanda suka taso daga can ƙarƙashin ɓawon duniya: feridotayit da dunayit, da kuma abin da suke rikiɗewa su zama in ruwa ya ratsa su, wato sarfentinayit. Wannan na ƙarshe shi za ka fi cin karo da shi. Kore ne mai duhu, wani lokaci da ratsin rawaya ko baƙi kamar fatar maciji, yana da santsi a hannu kamar sabulu, kuma wuƙa na kankare shi ba wahala. Sau da yawa za ka ga fararen jijiyoyi sun ratsa shi. A samansa ciyawa da itatuwa kan yi ƙaranci su tsumbure, domin ƙasar da yake bayarwa ba ta yi wa tsiro daɗi.

In kana tsaye a kan farin dutse mai ƙyalƙyali irin na Filato ko na Dutse, can gidan kuza da kwalambait ne, kada ka nemi kuromayit. In ƙasar yashi da farar ƙasa ce irin ta kwarin Sakkwato ko ta wajen tafkin Chadi, nan ma babu. Jar marmara irin ta Dala tama ce, sai dai marmara na iya lulluɓe wani dutse a ƙarƙashinta, saboda haka ka nemi inda kwazazzabo ko rijiya ko aikin hanya ya tona.

A duniya kwanciyarsa iri biyu ce, kuma sanin wannan zai hana ka yaudarar kanka. Akwai mai shimfiɗa, kamar tabarma a kan tabarma, kaurinsa sau da yawa mita ɗaya ko ƙasa da haka amma ya yi tafiyar kilomita gommai bai yanke ba. Irinsa ne a Bushveld ta Afirka ta Kudu, da Babban Dayik na Zimbabuwe mai tsawon kusan kilomita 550. Afirka ta Kudu ita kaɗai na fitar da kusan rabin abin da duniya ke haƙowa, wanda ya haura tan miliyan 40 a shekara. Na biyu shi ne mai dunƙule-dunƙule, kamar nama a cikin miya, nan ka samu guda, ka yi ta haƙa ba ka sake samun wani ba. Irinsa ne a Turkiyya da Albaniya da Oman da Fakistan, da tsaunukan Ingasana a jihar Bulunayil ta Sudan, kusa da Damazin. A Kazakistan dunƙulen sun yi girman da har gari guda, Khromtau, ya ci sunansa daga gare su, amma wannan ba kasafai ba ne. Yawancinsu ƙanana ne.

A Najeriya masana sun rubuta ganin sarfentinayit a arewa maso yamma, a jere da tsagar ƙasa ta yankin Anka, kuma an ambaci kuromayit a Tungan Kudaku. Najeriya dai ba ta cikin ƙasashen da aka sani da fitar da shi. In ka samu a nan, fara da zaton cewa dunƙule ne ƙarami, har sai awo ya ƙaryata ka.

In babu dutse a fili, bi rafi. Kuromayit ba ya ruɓewa da wuri, saboda haka in uwar dutsen ta zagwanye, ƙwayoyinsa kan taru cikin baƙin yashi a lungun rafi. Wanke yashin a kasko kamar mai neman zinare, ka gwada abin da ya zauna a ƙasa, ka yi ta hawa sama kana maimaitawa. Inda ƙwayoyin suka yi yawa sannan suka ɗauke gaba ɗaya, tushen yana tsakanin nan. Ka sani fa, yawancin baƙin yashin da kake gani a hanya bayan ruwan sama maganatayit ne da ilmenayit, ma'adinin titaniyam.

Mataki na biyu: gwaje-gwaje huɗu a gindin bishiya

Kayan aikin ba su da yawa: guduma, wuƙa, ɓallin tayil ko fasasshen tangaran mai gefen da ba a goge ba, maganaɗisu mai ƙarfi irin na cikin lasifika, ƙaramin sikelin masu zinare, zare, da kofin roba. Fasa dutsen ka yi aiki da sabuwar fuska, domin bayan dutse ya sha rana da ruwa, ƙarya yake yi.

Fara da ido. Kuromayit baƙi ne, wani lokaci da ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, ƙyallinsa kamar na kwalta da ta daskare, bai kai na ƙarfe sak ba. Yana fashewa barkatai, ba ya tsagewa sumul. Ya kan zo a dunƙule kamar an matse ƙwayoyin gero, ko a warwatse cikin koren dutse kamar barbaɗen barkono, ko ƙulu-ƙulu kamar zanen damisa. In ka ga ɗan ɓawo kore shar kamar ganyen alayyafo, ko ruwan hoda mai shuɗi-shuɗi a cikin tsagarsa, alama ce mai kyau, ma'adinai ne da kuromiyam ya rina. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Kama da wane ba ta wane.

Sai zane, kuma shi ne sarkin gwajin. Goga dutsen da ƙarfi a bayan tayil, inda yake fari da kaushi, ka shafa garin da yatsa ka duba a hasken rana. Na kuromayit ruwan ƙasa ne mai duhu, kamar garin busasshiyar daddawa. Na maganatayit baƙi ne ƙirin kamar gawayi. Na hematayit, wata irin tama, ja ne kamar busasshen jini. Kuza na barin zane fari-fari ko mai hasken ruwan ƙasa. Dutsen tozali na barin toka-toka, ga shi da laushi, yana fashewa murabba'i-murabba'i. In dutsen yana ɓata maka yatsu da baƙi tun kafin ka goga, manganis ne. Yi zanen sau uku daga wurare daban-daban na dutsen, kada ka tsaya a ɗaya.

Na uku maganaɗisu. Maganatayit kan manne ƙam. Kuromayit kuwa ko dai bai kula ba, ko ka ji ɗan ja kaɗan, musamman in ka rataye maganaɗisun da zare ka kusantar da dutsen a hankali. Akwai tarko a nan: a cikin sarfentinayit, ƙwayoyin kuromayit kan yi riga ta maganatayit a bayansu, shi kansa koren dutsen ma yana ɗauke da ita. Don haka in ya ja da ɗan ƙarfi amma zanen ruwan ƙasa ne, kada ka yar. Daka ɗan guntu, ka janye abin da maganaɗisu ya kama, ka sake duba ragowar.

Na huɗu nauyi, kuma a nan zan daɗe domin yana ba da fiye da suna. Ɗauki guntu mai tsabta, busasshe, ka auna shi, a ce giram 46. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure dutsen da zare ka nutsar da shi cikin ruwan gaba ɗaya, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Abin da sikeli ya nuna shi ne nauyin ruwan da dutsen ya ture, a ce giram 10. Raba 46 da 10, ka sami 4.6. Kuromayit tsantsa yana tsakanin 4.5 da 4.8. Maganatayit na kusan 5.2, kwalambait daga 5 da ɗoriya zuwa sama, kuza kusan 7, dutsen tozali kusan 7.5, farin dutse na gari kuwa bai wuce 2.7 ba.

Yanzu ga amfanin da mutane ba su cika lura da shi ba. In zane ya tabbatar maka kuromayit ne amma awon ya ba ka 3.6, to gauraye yake da uwar dutse. Sarfentinayit na da kimanin 2.6. Lamba 3.6 tana tsakiyar 2.6 da 4.6 daidai, ke nan rabin jikin dutsen kuromayit ne, wanda in aka koma ga nauyi ya kai kusan kashi 64 cikin 100. Da zare da kofin ruwa ka riga ka san cewa kusan sulusin abin da za ka loda wa mota shara ne.

Taurinsa 5.5 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daidai da wuƙa da gilashi, don haka wuƙa da ƙyar take yi masa tabo, dutsen ƙanƙara kuwa yana karce shi. Wannan gwaji bai cika raba gardama ba, domin 'yan uwansa baƙaƙe duk taurinsu kusan ɗaya ne.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne ilmenayit, ma'adinin titaniyam. Nauyinsu kusan ɗaya, dukansu maganaɗisu na ja kaɗan, kuma zanen ilmenayit kan yi baƙi mai ɗan ruwan ƙasa. In ka rasa ta cewa, je wurin maƙerin zinare ko azurfa ka roƙi boras, farin garin da suke narki da liƙi da shi. Lanƙwasa bakin siririyar waya mai tsabta ta zama ƙawanya, ka narka boras a kai da wutar hura har ya zama ɗigo garai-garai kamar gilashi. Taɓa shi da ƙurar dutsen, ƙwaya biyu ko uku kawai, ka sake narkawa. In ya huce ya koma kore shar kamar tsanwa, kuromiyam ne. Kada wayar ta zama sitenles, ita kanta akwai kuromiyam a jikinta, kuma kada ta zama tagulla, tana rina ɗigon. In ka cika garin, ɗigon zai yi baƙi ba za ka ga komai ba.

Mataki na uku: takarda kafin diga

Dokar Ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ko da gonar gadonka ce. Ofishin Kadasta na Ma'adinai da ke Abuja shi ke ba da lasisi. Akwai izinin leƙe na shekara ɗaya, wanda ya ba ka damar yawo da tsintar samfur a sama ba tare da haƙa ba. Akwai lasisin bincike na shekara 3 da ake sabuntawa. Akwai hayar ƙaramar haƙa ta shekara 5, wadda ita ce ta fi dacewa da ƙungiyoyin masu haƙa da hannu. Saye da ajiye ma'adini da fitar da shi waje kowanne da nasa izini. Fara da duba ko wani bai riga ka rajistar wurin ba, domin sau da yawa filin da kake gani daji ne, a taswirar Abuja yana da mai shi. Sannan ka nemi yardar mai ƙasa da sanin mai gari da hakimi, a rubuce. A Zamfara an hana haƙa a 2019 saboda matsalar tsaro, aka ɗage hanin a ƙarshen 2024, amma ɗage doka ba ya nufin kowane daji ya shigu. Tambayi mutanen wurin.

Mataki na huɗu: ɗaukar samfur, inda yawancin mutane ke cutar kansu

Ɗabi'ar ɗan Adam ce ya zaɓi dutse mafi kyau ya kai awo. Sakamako ya fito da kyau, ya yi murna, ya loda tirela, mai saye ya auna nasa ya ga rabin abin da aka faɗa masa. Daga nan sai rigima, kowa na ganin ɗan uwansa ne macuci, alhali samfurin ne ya yi ƙarya.

Yadda ake yi shi ne, ka tona rami mai tsawo da ya gitta jijiyar daga gefe zuwa gefe, har ka taɓa dutse mai rai. Share shi. Ja layi biyu a jikin dutsen, tazarar yatsu huɗu, ka sassaƙe duk abin da ke tsakaninsu da zurfi ɗaya, mai kyau da marar kyau, yana zuba a kan leda mai tsabta. Kowace mita ɗaya buhunta daban, kilo 2 zuwa 5. Rubuta lamba a jikin buhu, ka sa wata takardar a ciki, ka ɗauki lambobin wurin da wayarka, ka ɗauki hoto. Maimaita a ramuka da dama a tsawon jijiyar.

Sai ragewa. Farfasa samfurin ya koma kamar tsakuwa ƙanana, ka juya shi sosai, ka tara shi tsibi, ka baje shi kamar faifai, ka raba huɗu. Ɗauki kashi biyu masu kallon juna, ka ajiye sauran. Sake juyawa da rabawa har ya rage kamar kilo ɗaya. Wannan ka raba uku: ɗaya na ɗakin gwaji, ɗaya na wani ɗakin gwajin daban, ɗaya ka ɓoye a gida. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, NGSA, na da ɗakin gwaji a Kaduna, akwai cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a Jos, akwai kuma na jami'o'i da na 'yan kasuwa. Ni dai ina ba da shawarar kada ka dogara da na'urar hannu da dillalai ke yawo da ita mai kama da bindiga. Tana da amfani wajen tabbatar da cewa akwai kuromiyam, amma ɗan tabon da ta haska kaɗai take karantawa. A dutse guda tana iya ba ka lamba uku.

Ka ce a auna maka Cr2O3, wato kuromiyam haɗe da oksijin, da jimillar ƙarfe, da silika, da alumina, da magniziya, da fosfaras da sulfa. In da hali ka ƙara da nikel da falatinam, domin a Bushveld shimfiɗar kuromayit da ake kira UG2 don falatinam ake haƙarta. Tambaya ce kawai, kada ka gina buri a kanta.

Mataki na biyar: karanta sakamakon

Lamba ta farko da mai saye zai duba ita ce Cr2O3. Kuromayit tsantsa a lissafin littafi na da kusan kashi 68, amma a ƙasa ba a samun haka, domin magniziyam da alminiyam kan shiga su maye gurbi. Abin da ke yawo a kasuwa yawanci tsakanin 40 da 48 yake. Wankakken gari na Afirka ta Kudu mai kashi 40 zuwa 42 shi ne ake yawan kafa farashi da shi. Dunƙulallen dutse kan sayu ko da ya ɗan gaza haka, domin tanderu na son sa, ba ya toshe iska kamar gari. In kana ƙasa da 30, sai ka wanke kafin wani ya saurare ka.

Ta biyu ita ce rabon kuromiyam da ƙarfe, kuma lissafinta ba wuya. Ninka Cr2O3 da 0.684 ka sami kuromiyam zalla. In an rubuta ƙarfen a matsayin FeO, ninka da 0.777, in Fe2O3 ne, da 0.699. A ce takarda ta nuna Cr2O3 44, FeO 20. Kuromiyam ya zama 30.1, ƙarfe 15.5, rabo ya kama kusan 1.9. Na Afirka ta Kudu kan tsaya wajen 1.5, na Turkiyya da Kazakistan kan haura 2.5 har zuwa 3 da wani abu, kuma sun fi tsada saboda ferokurom ɗin da ke fita daga gare su ya fi ƙarfi. Ka lura da wannan: wanki na ɗaga Cr2O3 domin yana cire uwar dutse, amma ba ya canza rabon sosai, saboda ƙarfen yana cikin jikin ƙwayar ne. Abin da Allah ya halicci dutsen da shi ke nan.

Silika kuwa, iya ƙarancinta iya kyau. Masu sinadarai da masu yashin zubi sun fi kowa tsanani a kanta.

Mataki na shida: lissafin da ke raba mafarki da sana'a

Auna tsawon jijiyar da faɗinta da zurfin da ka tabbatar da idonka, ba wanda kake fata ba. A ce tsawo mita 20, faɗi 2, zurfi 5. Ninka su ukun, ka sami kubik mita 200. Ninka da 4, kimanin nauyin kowane kubik mita a tan, ka sami tan 800, wato tirela 27 masu ɗaukar tan 30.

A 2023 da 2024 farashin tan ɗaya na mai kashi 40 zuwa 42, a sauke a tashar jirgin ruwa ta Sin, ya yi ta kai da komo tsakanin dala 200 da 300 da 'yan kai. Ke nan buhu mai kilo 50 bai wuce dala 10 zuwa 15 ba, a can, bayan ya ƙetare teku. Daga wannan za ka cire haƙa, da fasawa, da wanki, da lodi, da motar da za ta yi kusan kilomita 1,000 daga arewa maso yamma zuwa Legas, da kuɗin gwamnati, da na tasha, da kwantena wadda ba ta ɗaukar fiye da tan 25 zuwa 27, da jirgi, da la'adar dillali. Kuma a busasshen nauyi ake biya, ruwan da ke jikin kayan za a zabtare shi. Je tasha ka tambayi direbobi kuɗin tirela a yau, ka raba da 30, ka ga abin da ya rage a kowane tan. Sau da yawa a nan ake gane cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wannan ne dalilin da ya sa kuza da kwalambait ke ciyar da mai haƙa da hannu, domin a kilo ake sayensu, kuromayit kuwa sai ƙungiya mai injin da jari.

In lissafi ya tsaya da ƙafarsa, wankin ba sabon abu ba ne ga wanda ya san aikin kuza. Nauyi ke rabawa. A tsince manyan dunƙule masu kyau da hannu a ware su, a farfasa sauran har ƙwayoyin su rabu da uwar dutse, a tankaɗe, a bi da su ta kwararo ko tebur mai girgiza. Kada a niƙa ya yi laushi kamar garin tuwo, ruwa zai tafi da shi. Gwada da kasko tukuna: daka kilo ɗaya, ka wanke, ka busar, ka auna abin da ya rage, ka kai shi awo. Wajen ciniki kuma, a ɗauki samfurin kaya a gabanku ku biyu, a raba uku, a rufe na ukun da sa hannun kowa, a rubuta tun farko nawa za a rage ko a ƙara a kan kowane kashi ɗaya da ya sauka ko ya hau.

Maganar lafiya

Shi kuromayit yadda yake a ƙasa ba ya narkewa a ruwa, riƙe shi a hannu ba ya cutarwa. Haɗarin na zuwa ta hanya biyu. Ta farko ƙura. Sarfentinayit kan ɗauki asbestos, wasu siraran jijiyoyi masu sheƙi da in ka kankare su sai su tashi kamar auduga. Shaƙarsu na lalata huhu, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. A jiƙa dutse kafin a fasa, a sa abin rufe hanci na gaske ba ƙyalle ba, a bar tufafin aiki a wurin aiki. Kada a kai dutse gida a daka a turmi ko a injin niƙan hatsi. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ta wannan ƙofar ya shigo.

Ta biyu wuta. In aka gasa kuromayit da sinadari mai kaifi irin na kanwa a cikin iska, kuromiyam ɗin kan rikiɗe ya koma wani nau'i mai narkewa a ruwa, rawaya kamar ruwan kurkur, mai cin fata da hanci, mai jawo sankara. Haka masana'antu ke yi da gangan, a zafin da ya kai digiri 1,100, cikin tanderu da matakan kariya. Duk wanda ya ce maka ka ƙona dutsen da kanwa ko toka don ka “fito da ƙarfen”, rabu da shi. Ba za ka sami ƙarfe ba, domin narka kuromayit sai tanderun lantarki, guba kawai za ka dafa. Ko ba a gasa ba ma, tarin ƙasar haƙa da aka bari a fili na iya sakin wannan nau'i a hankali. Kwarin Sukinda na jihar Odisha, inda mafi yawan kuromayit ɗin Indiya yake, ya shiga jerin wurare goma mafi gurɓata a duniya a 2007 saboda ruwansa. Don haka ruwan wanki a haƙa masa tafki biyu a jere ya kwanta, a sake amfani da shi, nesa da rijiya da mashayar dabbobi. In ka ga ruwan ramin ya fara yin rawaya, a dakatar da aiki, a hana yara da dabbobi kusantarsa, a ɗebi kwalba guda a kai awo.